Awa biyu da rabi ina rubuta kod, shafin ya ce wai ba na komai

ɗan_yelwa (Garwa):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin abin nan ku taimaka mini, daren jiya takaici bai bar ni na runtsa ba.

Da rana ina shagon kawuna a kasuwa, kayan gyaran babur muke sayarwa. Da dare kuma ina bin wani kwas na koyon rubuta manhaja ta intanet. Makarantar tana da shafinta, a cikinsa akwai edita inda muke rubuta kod, mu gwada, mu miƙa wa malami, duk a burauza. Abin da ya ja ni gare su ke nan tun farko, don kwamfutata tsohuwa ce, ta hannu na saya, RAM ɗinta giga 4 kacal.

An ba mu aiki kowa ya rubuta ƙaramar manhaja da yaren PHP wadda za ta yi amfani a inda yake. Ni na zaɓi littafin bashi. Duk wanda ya san shagon kayan babur ya san rabin cinikin bashi ne. Makanike zai zo ya ɗauki fulogi da sarƙa ya ce sai mai babur ya biya shi, kawu ya rubuta a wani littafi da ya sha baƙin mai har wasu sunayen ba sa karantuwa. Na ce bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, in ci maki, in kuma huta da rigimar "ai na biya" a shago.

Na fara bayan sallar isha'i. Wajen ƙarfe tara kuran ya ɗauke, kamar yadda muka saba a bazara idan ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya. Zafi ya kore ni daga ɗaki, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, wayata na ba ni intanet, na ci gaba. Abin ya yi mini daɗi sosai, ɓangaren da ke haɗa jimillar bashin kowane makanike, wanda ya yi kwana uku yana wahalar da ni, a daren ya warware. Sai wajen sha ɗaya saura na tuna ban adana ba tun farkon zama. Na danna Enregistrer. Shafin ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, can sai ya kai ni wurin saka kalmar sirri, da ɗan jan rubutu a sama: Session expirée, wato zamana a shafin ya ƙare. Na shiga da sauri. Layi talatin da ɗaya na tarar, waɗanda na adana tun shekaranjiya. Layi wajen ɗari biyu da ashirin sun bi iska.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne bayanin da ke ƙasan saƙon, wai an fitar da ni ne saboda na daɗe ban yi komai ba. Ni da yatsuna ba su huta ba! Kuma makon da ya wuce na bar shafin a buɗe na je na ci abinci na dawo, fiye da awa ɗaya, bai fitar da ni ba. To yanzu tambayoyina: me ya faru a zahiri? Akwai hanyar dawo da abin da ya ɓace? Yaya zan yi kada a sake? Ranar Laraba ce ranar miƙa aiki.

malama_domayo (Marwa):

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu, Allah ya mayar da alheri. Ina koyar da wannan darasi, kuma duk shekara sai wani ɗalibi ya zo mini da irin fuskar da nake hango kana da ita yanzu.

Ka san mai tsaron babura a ƙofar kasuwa, ya ba ka ɗan kati mai lamba, shi kuma ya rubuta lambar a wurinsa. Haka zama yake a shafin intanet. Lokacin da ka saka kalmar sirri, saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta buɗe maka ɗan fayil a wurinta, ta ba burauzarka lamba a cikin kuki, ɗan bayanin da shafi ke ajiyewa a burauza. Duk sanda burauzar ta aika wani abu, tana haɗawa da lambar, saba ta duba ta ce e, na san wannan. To ga inda gizo ke saƙar: rubutun da kake yi a edita ba ya zuwa ko'ina. Yana cikin ƙwaƙwalwar kwamfutarka ne kawai, a wannan shafin da ke buɗe. Kai kana cikin kasuwa kana ta zirga-zirga, mai tsaro kuwa bai ga ƙeyarka ba tun safe. A lissafinsa ka tafi. Saba ba ta ƙirga danna harafi, saƙon da ya iso gare ta take ƙirgawa, kai kuma awa biyu da rabi ba ka aika mata ko ɗaya ba.

Tunda PHP kuke yi, je ka duba wani saiti da ake kira session.gc_maxlifetime. In ba a taɓa shi ba, daƙiƙa 1440 ne, wato minti 24. Bayan haka fayil ɗin zamanka ya zama shara mai jiran kwasa. Amma mai kwasar sharar ba kullum yake wucewa ba. A tsarin PHP na asali kamar ƙuri'a ake jefawa, ba kowane saƙo ne ke tayar da shi ba, don haka wani lokaci zama ya wuce wa'adinsa amma yana nan da rai saboda ba a zo kansa ba tukuna. Ina jin wannan ne sirrin ranar da ka je cin abinci ka dawo lafiya. Ka tsira ne da sa'a, sai ka ɗauka ƙa'ida ce. Masu amfani da Laravel kuwa, wani tsarin gina shafuka da PHP, minti 120 ake ba su a saitin farko, in ya ƙare sai su ga saƙon kuskure mai lamba 419. Akwai kuma shafukan da ke da wa'adi na biyu, wanda ko kana aika saƙo kowane minti sai an fitar da kai idan awanni kaza suka cika. Wasu ma suna ɗaure zaman da adireshin IP, to in rezo, wato sabis ɗin intanet, ya yanke ya dawo maka da sabon adireshi, sai su ce ba kai ba ne.

Batun dawo da na jiya, ba zan yi maka daɗin baki ba. Da a take ka danna kibiyar komawa baya kafin ka saka kalmar sirri, akwai yiwuwar burauza ta dawo maka da shafin yadda ka bar shi, don wani lokaci tana riƙe shi a ƙwaƙwalwa. Tunda ka shiga, shafin ya sake lodi, ka kuma kashe kwamfutar, ka fara shirin sake rubutawa. Abu ɗaya da ya rage ka gwada: danna F12, ka shiga Application, ka duba Local Storage, wato ma'ajiyar da burauza ke ba kowane shafi, ko editan yana ajiye kwafi a can.

Don gaba, ga abin da nake sa ɗalibaina su haddace kamar karatun allo. In ka daɗe ba ka adana ba, kada hannunka ya fara zuwa maɓallin adanawa. Fara da Ctrl+A, Ctrl+C, ka zuba a Notepad. Sannan ka buɗe sabon shafi a gefe, ka shiga makarantar ka ga ko za ta tambayi kalmar sirri. In ta tambaya, saka a can, ka dawo tsohon shafin ka adana. Shafukan burauza ɗaya kuki ɗaya suke ci, don haka sau da yawa yana wucewa. In ya ƙi, to tsohon shafin na ɗauke da wata lambar tsaro ta zaman da ya mutu, sai ka sabunta shi ka zuba abin da ke Notepad. Ka yi asarar minti ɗaya ke nan.

tsohon_injiniya (Njamena):

Malama ta yi bayanin cutar, ni bari in faɗi abin da ba za ka so ji ba. Laifin makarantar rabi ne, rabin naka ne. Awa biyu da rabi babu adanawa, a garin da kuran ke ɗaukewa ba sallama? Ko da zaman bai ƙare ba, batir ɗinka na iya mutuwa, ko ƙaramin yaro ya zo ya danna wani abu.

Ka daina ɗaukar editan makaranta a matsayin wurin aiki. Wurin miƙa aiki ne. Rubuta a kwamfutarka, in ka gama ka kwafa ka zuba musu. Kada ka ce mini giga 4. In VS Code ya yi mata nauyi, Notepad++ ko Geany ba su da nauyin komai, PHP kuma yana da 'yar sabarsa a ciki, ka rubuta php -S localhost:8000 ka gwada aikinka ba tare da ka ƙona forfe, wato data, ko na sefa ɗaya ba. Mu nan da muka san tsadar data, wannan kaɗai ya isa dalili. In VS Code ɗin ya hau, shiga saiti ka nemi files.autoSave ka mayar da shi afterDelay. Daƙiƙa ɗaya bayan ka tsaya da rubutu zai adana da kansa.

Sai Git, manhajar da ke ajiye tarihin matakan kod ɗinka. Na san ɗalibai na tsoronsa kamar aljani, alhali umarni uku ne za ka rayu da su wata shida: git add, git commit, git push. Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi a 2005 don aikin Linux, mutanen da ke warwatse a duniya, kuma abin da ya sa ya dace da mu shi ne commit ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Kana ƙauye ko rezo ya ɗauke, kana ta ajiye matakan aikinka a kwamfutarka. Push, wato tura aikin zuwa ma'ajiya ta kan layi, shi ne kawai ke son intanet, shi ma na 'yan daƙiƙu. Da ka yi commit lokacin da lissafin jimilla ya warware, yau da ba ka zo nan kana kuka ba. Ni al'adata duk sanda aka kira salla sai na yi commit kafin in tashi, ko aikin bai kammala ba. Sau biyar a rana ba sai an saka mini ƙararrawa ba.

Ƙarin bayani ga masu karatu, don na ga matasa da yawa sun koma manyan editocin kan intanet suna zaton can babu wa'adi. Akwai, sai dai abin da ke ɓacewa ya bambanta, kuma wajibi ne ka san wanne ne kafin ka fara. GitHub Codespaces yana tsayar da na'urarka bayan minti 30 na rashin motsi, kana iya ɗaga shi har minti 240 a saiti. Fayilolin da aka adana suna nan idan ka dawo, amma duk abin da ka bari yana gudana a tamina, wato tagar rubuta umarni, ya tsaya. In kuma ka bar shi a tsaye kwana 30, share shi ake yi gaba ɗaya, abin da ba ka yi push ba ya tafi tare da shi. Google Colab kuma littafin da kake rubuta kod a ciki yana zaune a Drive, amma fayilolin da ka zuba a /content suna kan na'urar aro ce, da zaman ya ƙare an kwashe, kuma na kyauta ba ya wuce awa 12 ko me kake yi. Na taɓa ganin yaro ya kwana yana horar da wani abu, da safe littafi na nan, sakamako babu.

mai_sibar (Kusiri):

Salamu alaikum. Ni ba injiniya ba ne, sibar, wato shagon intanet, nake da ita shekara goma sha, yara daga nan da tsallaken gadar Ngeli suna zuwa yin aikin makaranta. Wani yaro ya taɓa nuna mini ɗan kod da yake sakawa yana taɓa shafin duk minti biyar don kada ya fitar da shi. Ɗana, ko wannan ba zai yi maka ba?

Amma in faɗi gaskiya, ni ina jin daɗin shafukan da ke korar mutum da kansu. Ba ku ga abin da nake gani ba. Mutum ya tashi lokacinsa ya ƙare, ya bar akwatin wasiƙarsa a buɗe, ko shafin jarrabawarsa, na bayansa ya zauna a kai. Shi ya sa kowane dare nake share komai na burauza a injunan nan. Don haka wanda ke aiki a sibar kada ya dogara da wancan wurin da Malama ta ce a duba da F12, gobe ba zai tarar da komai ba. Ku zo da kile, wato filashin USB, ko ku tura wa kanku ta imel kafin ku tashi.

malama_domayo (Marwa):

Baba, Allah ya ƙara girma. Dabarar yaron tana aiki muddin komai lafiya, matsalar kuwa ba a lokacin lafiya ake asara ba. Rezo ya yanke na rabin awa, ko an rufe murfin kwamfuta ta yi barci, ɗan kod ɗin ma ya yi barci tare da ita, mutum kuma ya saki jiki yana zaton akwai mai gadi. Ga shi ba ya maganin wa'adi na biyun da na ambata. Kuma kamar yadda kuka faɗa, ba don mugunta aka sa wa'adin ba.

Ɗan Yelwa, na manta wani abu da ya shafi giga 4 ɗinka. Chrome yana da Memory Saver, wanda ke sauke shafin da ka daɗe ba ka leƙa ba don ya sama wa sauran wuri, in ka dawo sai ya sake lodinsa daga farko. Ka je neman bayani a wasu shafuka, ka daɗe, ka dawo ka ga edita ya koma yadda yake da safe, ka zagi makaranta alhali ba ruwanta. Shiga saiti, ɓangaren Performance, ka saka adireshin makarantar cikin jerin waɗanda ba a taɓawa.

ɗan_yelwa (Garwa):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, na danna F12 ɗin. Local Storage fayau, babu komai. Amma a cikin kuki na ga PHPSESSID, lambar zaman nan, da idona, sai na ji kamar na kama ɓarawon. Na gwada dabarar sabon shafi da gangan, na bar edita awa ɗaya sannan na bi matakan, ta wuce.

Yaya injiniya, maganarka ta yi zafi amma na haɗiye. Na saka Geany da Git. Abin mamaki, sake rubutawar bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma ya fi na farko tsafta, layi ɗari da saba'in ya tsaya. Commit shida na yi. Na rubuta wa malaminmu abin da ya faru, ya ce ba ni kaɗai ba ne, zai kai maganar gaba.

Yanzu wani tsoro ne ya kama ni. Manhajar bashin nan tawa ita ma da zaman PHP take aiki. Kawu mutum ne da zai fara rubuta kayan da makanike ya ɗauka, wani ya shigo su shiga cinikin taya na rabin awa, sannan ya dawo ya danna adanawa. Ashe ramin da na faɗa shi nake haƙa masa. In bashin sefa dubu arba'in ya ɓace a haka, ba manhajar kaɗai zai jefar ba. Yaya zan toshe wannan?

malama_domayo (Marwa):

Madalla, wannan tambayar ta fi ta farko daraja.

Fara da ɓangaren burauza. Saurari input a kan fom ɗin, duk sanda aka rubuta wani abu ka jira daƙiƙa biyu, in ba a ƙara ba ka zuba abin da ke ciki a localStorage, da suna na musamman ga wannan fom da kuma lokacin. Wurin yana ɗaukar wajen mega 5 ga kowane shafi, bashin Garwa gaba ɗaya ba zai cika shi ba. Idan aka buɗe fom aka tarar da kwafi, a tambayi kawu ko a dawo da shi. Kada ka goge kwafin sai saba ta tabbatar ta karɓa. Mutane da yawa suna jingina da beforeunload don adanawar ƙarshe, amma a waya sau da yawa ba ya tashi, visibilitychange ya fi shi riƙon amana. Tunda kwamfutar shago ce ba ta sibar ba, gargaɗin Baba bai shafe ka ba, sai dai ka hana buɗe ta a shafin sirri, don can komai na gogewa da an rufe.

Sai ɓangaren da ke kayar da ƙwararru ma. Ka aika bayanin da fetch, umarnin da ke aika saƙo ga saba ba tare da an bar shafin ba, kada ka bar fom ya ɗauke shafin gaba ɗaya, domin ɗaukewar nan ce ta cinye maka aiki a daren nan. Amma ka kula: in zama ya ƙare saba ta tura ka shafin shiga da 302, lambar "koma can", fetch zai bi turawar shiru, ya dawo maka da 200, lambar "komai lafiya", ɗauke da shafin kalmar sirri. Kod ɗinka ya ga 200 ya rubuta wa kawu "an adana", alhali ba a adana komai ba. Wannan ya fi Session expirée muni nesa ba kusa ba, don sai ranar karɓar kuɗi za a gane. Sa PHP ɗinka ya mayar da 401, lambar "ba ka shiga ba", idan babu zama, kai kuma da ka ga 401 ka fito da ɗan akwatin kalmar sirri a kan fom ɗin, in ya shiga ka sake aika abin da ke hannu. Kada ka yarda da 200 tsura, sai ka ga lambar layin da aka rubuta ta dawo.

Kana iya ɗaga wa'adin zuwa tsawon yinin kasuwa tunda mutum ɗaya ne ke amfani da ita, amma ka yi waɗancan tukuna.

tsohon_injiniya (Njamena):

Kuma ka gwada shi da mugunta. Cika fom, kashe intanet ɗin wayar, danna adanawa. Cika fom, goge kukin da hannu ta F12, danna adanawa. Commit shida ka ce. Push fa?

ɗan_yelwa (Garwa):

Yaya, ka kama ni, ban yi ba. Yanzu na buɗe asusun GitHub na tura, na ga fayilolin a can. Na gwada goge kukin, kuma wallahi abin da Malama ta faɗa ne ya faru, ya rubuta mini "an adana" da koren rubutu, na duba teburin bayanan manhajar babu komai. Gobe bayan an rufe shago zan gyara 401 ɗin. Kuran ya sake ɗaukewa, batir saura kashi tara, sai da safenku.